Katin da ya fi akwatinsa tsawo

Ranar Laraba ce, tun asuba ake yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa mutum lokaci ɗaya sai dai ya bi shi a hankali har ya gama da shi. Na fito da leda a ka, jakar Yaya rataye a ƙirji, da wani siririn katako a hannu. Kasuwar 'yan kwamfuta na nufa.

Yayata zanen gidaje take yi. Ta bar ofishin da take aiki ta dawo gida tana cin gashin kanta, kuma aikin farko mai tsoka da ta samu shi ne makarantar yara da wata mata za ta gina. Matar ba ta gane zane a takarda. Ta ce ita so take ta ga ginin a allo, ta shiga ta ƙofa, ta leƙa aji-aji kamar an riga an gama shi. Ranar Asabar za ta zo. In ba ta gani ba, akwai wani kamfani da ke zawarcin aikin. Ƙaramar kwamfutar Yaya kuwa, da an ce ta juya ginin sai ta hau haki kamar tsohuwa a matakalar bene, daga nan ta sandare.

Ni na ce zan haɗa mata babba, ta tebur. Baba yana wajen lokacin da na faɗa. Bai ɗago daga katakon da yake gogewa ba.

"Sarkin Farawa ya samu sabuwar sarauta," in ji shi.

Haka yake kirana. Na bar makaranta ban gama ba, na shiga gyaran babur na fito, na taɓa ɗinki, na taɓa gyaran waya. Wajen masu gyaran kwamfuta ne kawai zamana ya ɗan yi tsawo, shi ma don ba sa hana ni yawo ne. Baba kafinta ne, mutumin da in ya fara kujera ba ya cin abinci da daɗi sai ta tsaya da ƙafafunta.

Akwatin kwamfutar mun riga mun saya tun makon da ya wuce. Yaya ce ta zaɓa, fari, ɗan madaidaici, gefe ɗaya gilashi. Baba ya ƙera mata tebur da wani gurbi a ƙasa daidai jikin akwatin, ya rufe bayan da katako mai kyau, ya shafa masa mai har yana ɗaukar ido. Shi Baba ba ya riƙe lamba a ka. In zai auna abu, siririn katako yake ɗorawa ya yi masa tsaga da wuƙa. Ya kan ce lamba tana canzawa tsakanin gida da kasuwa, sanda kuwa ba ta canza magana. Ni ma sai na bi sahu. Na ɗora katakon a kan akwatin daga baya zuwa gaba, na tsaga, na taho da shi.

Mai shagon da na je, In-ka-fita ake ce masa, saboda kalmar da ba ta barin bakinsa: in ka fita da kaya, ka fita ke nan. Yana ganina ya fara dariya.

"Yau kuma kiwo ka koma? Ina awakin?"

"Su ne na zo saye. Fito da madabod."

Madabod shi ne faffaɗan allon da komai na kwamfuta ke hawa kansa. In ka kuskure a nan, ka kuskure gida tun daga tushe. Ya ɗauko mini wani ƙato mai fitilu ja da shuɗi, yana juya shi kamar mai tallan zani.

"Wannan in ka kunna, har maƙwabta sai sun san an yi sabon abu."

"Maƙwabta ba su za su yi zanen ba. Kuma akwatina ƙarami ne, wannan ko da man shafawa ba zai shiga ba. Kawo ɗan madaidaici."

Ya kawo guda uku. Na fara duba mazaunin furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, don wadda muka riga muka saya ba kowane allo take zama ba. Ɗaya ya faɗi a nan. Na biyun ramukan ram, katunan da ke riƙe aikin da ake kan yi, biyu ne kawai gare shi, ni kuwa na san Yaya, aikinta ƙaruwa zai yi, wata rana za ta nemi ƙari. Na ukun yana da huɗu, ga kuma wani ɗan gurbi a jikinsa na sabuwar ma'ajiyar bayanai, wadda ba ta fi cingam girma ba, a kwance take a kan allon babu waya babu komai. Shi na ɗauka.

"Ba shi da fitila fa," in ji In-ka-fita.

"Akwai ƙwan lantarki a ɗakin."

Sai katin hoto, wanda shi ne zai ɗauki nauyin juya ginin nan. Dominsa aka yi tafiyar. Akwai mai fanka biyu, akwai mai uku. Mai ukun na ɗaga na ji nauyinsa a hannu kamar bulo. Na shimfiɗa shi a kan kanta, na ɗora sandata. Bai kai tsagar ba, da sauran wuri.

"Ya shiga," na ce.

"Ka tabbata? In ka fita..."

"Na sani. Ɗaure mini."

Na dawo gida a jiƙe, kayan kuwa ko ɗigo bai taɓa su ba.

Washegari da hantsi na share tabarmar falo na baje komai. Na zaunar da furosesa a hankali, na ɗiga mata man sanyi, na ɗaura fankarta. Na danna ram har sai da na ji ƙas. Na kwantar da allon a cikin akwatin, ramukan sukurori suka hau daidai kamar tare aka haife su. Na bi wayoyi na ɗaure su ta baya don kada su yi kama da sheƙar tsuntsu. Yaya tana tsaye a kaina da kofin shayi, Mama tana leƙowa daga kicin tana cewa a dai yi a hankali da wuta, ko da yake ban ma jona komai ba.

Na yage ledar katin, na ɗauko shi da hannu biyu, na saka. Gindinsa ya nufi raminsa, kansa kuwa ya daki ƙarfe. Na karkata shi. Ya sake daka. Na cire, na shigar da kan tukuna, gindin ya ƙi. A gaban akwatin, daga ciki, akwai wani keji na ƙarfe, kuma katin ya fi wurin da aka bar masa tsawo da kamar yatsu biyu.

"Auta, lafiya?" in ji Yaya.

"Lafiya lau. Yana dai gaisawa da akwatin ne."

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kofin.

Baba ya shigo daga rumfarsa da garin katako a gira. Ya dubi katin, ya dubi akwatin, ya ɗauki sandata ya juya ta.

"Ta ina ka auna?"

"Daga baya zuwa gaba."

"Ta ciki ko ta waje?"

"Ta waje."

"Ni da na auna ta waje, gurbi zan yi wa akwatin. Kai da za ka zuba kaya a cikinsa, me ya kai ka waje? Ka taɓa ganin an auna durowa ta baya a ce riga za ta shiga? Ka ari sandar, ba ka ari idon ba."

Na kira In-ka-fita a waya. Ya bari na gama bayani tsaf, sannan ya tambaye ni ko na yage ledar. Na ce na yage. Ya ce to ai na san sunansa. Yana da wani babban akwati baƙi in ina so. Babban akwati ba zai shiga gurbin tebur ba, kuma jakar Yaya ta riga ta koma fayau.

Yaya ta zauna a hannun kujera. Ta ce ba komai, za ta gwada nuna wa matar a ƙaramar kwamfutar, in ta sandare ta ba ta haƙuri. Yadda ta faɗi "ba komai" ɗin ya fi zagi ciwo. A da, a irin wannan gaɓar ce nake tuna cewa wani abokina yana nemana. Har ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Sai na tsuguna na ƙura wa kejin ido.

Wurin ajiye tsofaffin ma'ajiyai ne, manyan nan masu kama da bulo. Mu kuwa tamu tana kwance a jikin allo, ɗan cingam ɗin da na nace sai da shi. Kejin nan ba ya riƙe da komai sai iska. Na shafa gefensa. Ba sukurori aka ɗaure shi da su ba, ribit ne, ƙusoshin da ake dannewa har abada.

"Yaya, kejin nan ba shi da aiki. In na cire shi katin zai shiga. Amma daga ranar babu garanti a kan akwatin, ko mai kamfanin ƙanin Mama ne."

"In ka lalata fa?"

"In na lalata, na lalata. Amma ba zan lalata ba."

Ta dube ni, ta dubi Baba. Baba yana kallon silin.

"Cire," ta ce.

Na san garin ƙarfe ko ƙwaya ɗaya ya faɗa kan allo, an gama. Don haka duk abin da na ɗaura tun hantsi sai da na kwance shi. Wayoyin da na yi wa kitso, allon, fankoki, komai ya koma kan tabarma, akwatin ya koma fanko.

"A nan dai ba a fi ka ba," in ji Baba. "Sake farawa ai gadonka ne. Kawo shi rumfa."

Ya ɗauko injin hudarsa, wanda ko taɓawa ba ya bari in yi, ya miƙo mini. Shi ya riƙe akwatin, ya sa tsumma don kada fentin ya ƙuje. Ribit na farko ya fita salin alin. A na biyu bakin injin ya zame ya karye, ya tafi da gefen farcena.

"Ba danna shi ake yi ba. Bar shi ya ci da kansa. Kai komai sai ka yi masa gaggawa."

Ya sa wani bakin. Na sassauta hannu, na bar shi ya ci. Ɗaya bayan ɗaya suka zube, kejin ya faɗo a tafin hannuna, ba shi da ko nauyin kirki. Na goge bakin ƙarfen da samfefa, na busa, na share da tsumma mai laima, na sake sharewa, har Baba ya ce ya isa haka, ba jariri ba ne.

Na mayar da komai. Sai na ɗauko katin. Ya shige, ya ce ƙas. Sai dai nauyinsa ya sa kan ya ɗan sunkuya. Kafin in yi magana Baba ya fita, ya dawo da ɗan guntun katako da ya fere, ya tokare shi daga ƙasa. Daidai, ko takarda ba za ta ratsa ba. Da ido ya auna.

Na danna maɓalli. Fankoki suka juya, allo ya kawo haske. Mama ta yi hamdala daga ƙofar kicin, ta ce ita dama ta san za a yi.

Ranar Juma'a muka tura akwatin cikin gurbinsa, Yaya ta buɗe makarantar. Ginin ya juya sumul kamar ana murza shi a faranti. Amma ba a jima ba fankokin suka fara kuka, ginin ya soma tafiya da ɗingishi. Na zura hannu ta bayan akwatin, na ji zafi kamar bakin murhu. Iskar da katin ke fitarwa ba ta da hanyar fita, katakon bayan tebur ya tare ta.

Na je rumfa na tsaya ina sosa ƙeya.

"Baba, bayan teburin nan..."

"Me ya yi?"

"Ya yi kyau. Shi ne matsalar. Injin ba ya numfashi."

Ya zo ya sa nasa hannun, ya janye. Ya daɗe yana kallon katakon da ya kwana biyu yana shafa wa mai. Sannan ya ce in miƙo masa zarto. Shi da kansa ya yanke, ya bi bakin ya goge. Kukan fankokin ya koma raɗa.

Ranar Asabar rana ta fito. Matar ta zo da mayafinta da ƙaramar jakarta, ta zauna a gaban teburin tana cewa ita fa ba ta da lokaci. Yaya ta shigar da ita ta ƙofar makarantar. Ta bi baranda, ta leƙa aji, ta ce tagar nan ta yi sama, yara ba za su ga waje ba. Yaya ta sauko da tagar nan take, hasken rana ya zubo a kan bencinan ajin. Matar ta ajiye jakar a ƙasa. Wadda ba ta da lokaci sai da ta sa aka zagaya da ita har banɗakuna, aka kuma sake zagayawa. Da ta miƙe ta ce Litinin a fara maganar tushe.

A bakin ƙofa ta waiwayo ta nuna farin akwatin, da ɗan katakon da ke tokare a bayan gilashi.

"Wannan injin wane kamfani ne ya haɗa miki?"

Baba ne ya amsa daga tsakar gida.

"Kamfanin ga shi nan tsaye a bayanki, Hajiya, da tsumma a yatsa."

Da yamma na ga sandata a rumfa, rataye a ƙusa cikin nasa. Ya yi mata sabuwar tsaga ta awon ciki, yatsu biyu da ɗoriya ƙasa da tawa.

Abin da aka rasa a aikin nan: keji ɗaya na ƙarfe, garantin akwati, bakin injin huda ɗaya, katakon bayan tebur, da rabin farcen babban yatsana na hagu.