Tsibirin da Ba Shi da Tudu

Haliru irin mutanen nan ne da in suka ƙwallafa rai a kan abu, sai sun taka shi. Tun da aka ba da hutu a jami'a ya addabi matarsa Walida da hotunan tsibiran Indonesiya, wai sai sun je Lombok sun hau dutsen nan mai aman wuta.

Ita kuwa Walida ƙaramin ciki ne da ita, na fari. Benen gidansu na unguwar Danau Kota a Malesiya ma da haki take hawa, balle dutse. Amma kunya ta ɗaure mata baki, don a gidan iyayenta mace ba ta faɗin wannan magana, sai dai a gani. Gogan kuwa ga idanu tubarkalla, amma bai ga komai ba.

Ranar Asabar da la'asar suna zaune a mamak, shagon shayin da ke ƙasan gidansu, ya sake tura mata wayar.

"Dubi view ɗin nan, don Allah. Ƴar tafiyar ƙasa ce kawai, boleh lah, za ki iya!"

"Ni dai mu je Bali," ta ce a hankali.

"Yauwa, can ma akwai dutse!"

Ta ji kamar ta fashe da kuka don takaici. Shi kuwa ya kira yayarsa Hussaina a Kano ta bidiyo, wai ta raba gardama.

Yaya Hussaina ko kallon dutsen ba ta yi ba. "Ba ni ƙanwata," ta ce. Ta ga kofin shayi an ture gefe ba a taɓa ba, ga Walida tana tsotsar lemon tsami.

"Walida, yaushe kika daina shan shayi?"

Walida ta ja mayafi ta rufe fuska. Yaya Hussaina ta rangaɗa guɗa, har mai shagon ya waiwayo.

"Kai Haliru, nemo tsibirin da ba shi da tudu, ka hango dutsenka daga nesa. Kuma ka fara tambayar inda ake sayar da ragon suna a Malesiya."

Haliru ya saki baki, loma a hannu. Ya dubi matarsa, daɗi ya kashe shi. Nan take ya zaɓi Gili, ɗan tsibiri kusa da Lombok, shimfiɗaɗɗe kamar faranti.

Da suka tashi, mai shirin hawan dutse ya tsaya a ƴar matattakalar bakin shagon, ya miƙa mata hannu.

"A hankali," ya ce. "Akwai tudu."