Shekarun Halliru a Gaban Likita

Likita Bature ya danna tabon da ke wuyan Halliru, inda ya yanke masa ƙullutun daji a damina, ya yi magana ta hanci.

"Mi yac ce?" in ji Mode, maƙwabcinsa da ya rako shi daga Wurno don kada labari ya wuce shi.

Tafinta ya ce abu uku ake dubawa a san ko ciwon zai dawo: girman ƙullutun, ko ya kama kaluluwa, da shekarun mai shi. Biyun farko da sauƙi. Saura shekaru. In mutum ya manyanta, ciwon yakan komo, sai a sake yanka.

"Shekaru?" Mode ya gyara zama. "Wanga da ka gani, shi yar riƙa kai wa mayaƙa ruwa ranar Giginya, da Nasara suka shigo Sakkwato. Duk Wurno an sani!"

Lallai duk Wurno an sani, domin Halliru da kansa ya faɗa, tun zuwansa daga Goronyo da furfurar da ta yi masa gaggawa. Da labarin nan yake zama kan tabarmar dattawa, da shi ake fara miƙa masa goro. Ranar Giginya kuwa ko auren uwarsa ba a ɗaura ba.

"Haka ne, Baba?" tafinta ya tambaya.

Halliru ya dubi wuƙaƙen da ke cikin tasa. Ya dubi Mode, wanda bakinsa bai taɓa kwana da magana ba.

"Har harsashi yab bi ta kunnena," ya ce.

Likita ya girgiza kai. Tafinta ya ce to, tsoho ne. Da an cire albasa ya dawo a ƙara buɗe wuyan.

Mode ya fita da salati, yana sauri ya sami direban motar Wurno ya fara ba shi labari. Halliru ya ja rigar tafinta, ya rage murya.

"Ɗana, in da wani ne, mai irin ciwon ga, amma an haihe shi Nasara sun daɗe da zama?"

"Wannan ai ya tafi gona abinsa. Wane ne?"

"Wani ƙanena."

Tafinta ya juya wa likita, likita ya amsa.

"Ya ce ka zo da shi ranar da za a yanka ka, ya duba shi."