Albasar Yaya a Ƙasan Dam

Auta ne mai kula da ƙofar dam, kuma baki shi ke yanka wuya. Da damina ta ɗauke, yayansa ya same shi a ɗakin inji, ya tambaye shi ko bana za a saki ruwa cikin fadamar da ke ƙasan dam ɗin, inda gonarsa take. Dama ƙasashe sun sa hannu a wata yarjejeniya, cewa duk shekara za a cika fadamar don tsuntsayen da ke ƙetaro teku su sami wurin sauka.

"Haba Yaya, sa hannu ai ba buɗe ƙofa ba ne," in ji Auta yana dariya. "Tun da aka yi ta, wa ya taɓa ce mini in murɗa ƙarfen nan? Shuka albasarka."

Yaya kuwa ya shuka, har gefen da bai taɓa nomawa ba.

Ashe bana masu sa ido kan yarjejeniyar za su zo. Albasa ko girman ƙwan zabuwa ba ta kai ba injiniyan dam ya iso da umarni: jibi a buɗe ƙofa. Auta ya roƙi a ɗaga masa ƙafa zuwa wata mai zuwa.

"Tsuntsayen za su tsaya a sama su jira ka?" in ji injiniya. "Sun riga sun taso. In suka tarar da busasshiyar ƙasa, nan za su zube."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Bara da hannunsa Auta ya yi ta kwashe gawarwakinsu a bakin dam, daga gashi sai ƙashi.

Ya je ya gaya wa Yaya, kansa a sunkuye. Yaya ya kira matarsa, suka shiga tumɓuke abin da za su iya.

Ranar da aka sa, Auta ya murɗa ƙarfen. Daga saman dam yana kallo ruwa ya bi gonar fangali bayan fangali, har ko ganye ba a gani.

Da la'asar suka yi kiciɓis a hanya, Yaya na tura keke da rabin buhu a baya. Tun da aka haife shi, Yaya bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Auta.

"Yaya, don Allah..."

"Sannu da aiki, ma'aikaci," in ji Yaya, ya tura kekensa ya wuce.