Kukan da Zayyanu ya ɗauka a waya

"Goge shi, Zayyanu! Yanzun nan, gaban Kaka!"

"Haba 'yar fim, wa ke goge zinariya?"

Ina bisa tabarma ina ɓarar gyaɗa. Jikokina ne su biyun, shi da Uwani, taubasai. Zayyanu na haɗa 'yan finafinai da waya a nan Dingyaɗi, masu kallo ba su fi talatin ba, har da ni. Ina son finafinan nan ƙwarai. Babu hoda, babu gidan sama, ga katangar maƙwabta da ta zube, ga wadda ta yi ƙiba bayan aure.

Jiya suna ɗaukar fim, anka zo wurin da Uwani za ta yi kuka. Ta matsa ido, ko ɗigo. Anka yanka albasa, ya ce hawayen albasa ba ya taɓa zuciya. Sai ɗan banzan ya duba wayarsa, ya dafe kai, ya ce ƙanenta Mode ya yi karo da babur a hanyar Shagari, an rufe shi da zane. Yarinya ta faɗi tana birgima, tana kiran sunansa, shi kuwa yana ɗauka. Mode fa na fadama yana ban ruwa, lafiyarsa lau. Tir! Ko tuwo ban iya ci ba.

"Wasan taubasai ne," in ji Zayyanu. "Su waɗancan manyan 'yan fim, man zafi suke shafawa a ido. Namu na gaske ne."

"Na gaske? Ɗankwalina a ƙasa, majina har baki, shi za ka nuna wa duniya?"

"Kaka, sa baki mana."

Na ce, "Ni? Ranar da za ka buƙaci gawa, faɗa mini in gudu Lambara."

Uwani ta miƙa hannu. "Ba ni wayar, ko ka nemi wata ta ƙarasa maka fim ɗin."

Ya cusa ta aljihu yana sosa ƙeya. "Gaskiya akwai 'yar matsala. Jaki ya yi kuka daidai inda kinka kira sunan Mode. Da za ki daure ki tuno yadda kinka ji, mu sake..."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta tofar da yawu gab da ƙafarsa. Ta suri mayafinta ta fice, ta bugo ƙyauren langa-langa har ƙasa ta zubo mini cikin gyaɗa.