Firijin da Ke Cizon Keturah

Apollos ya hau kan benci sanye da silifas na roba, ya miƙa hannu daga nesa, ya dangwala bakin testa, abin gwada wuta, a jikin firijin. Sabuwa ce, mai kama da sukundireba, jiya ya sayo ta a kasuwar Jimeta. Da yatsu biyu ya riƙe ta ta wajen robar, kamar mai ɗauke da mushen ɓera. Ɗan ƙwan da ke cikinta bai kama ba.

"Kin gani? Ba wuta. Lafiyarsa ƙalau."

Matarsa Keturah na tsaye a ƙofar kicin, ƙafa ba takalmi. Sati uku ke nan firijin yana fizgar ta duk lokacin da ta je ɗauko zoɓon da take sayarwa. Yau da safe sai da ta saki bokiti, daɓe ya yi jawur.

"Baban Becky, abin nan cizona yake yi."

"Tunani ne. Ni me ya sa ba ya cizona?"

"Kai da ko barci da silifas kake yi? In bai gyaru yau ba, Nuruddeen zan kira."

Apollos ya haɗe rai. Nuruddeen maƙwabcinsu ne a Nassarawo, shekara ashirin yana gyaran wuta. Ranar Ista ya shigo gaisuwa, ya hango wata wayar wuta da Apollos ya haɗa ya naɗe da baƙar leda, ya yi ta dariya a gaban baƙi har da riƙe ciki. Tun ranar Apollos ya rantse mutumin nan ba zai sake taka masa gida ba.

"Na'ura ta yi magana," ya ce. "Ba wanda za a kira."

Keturah ta dubi soket ɗin da ke bango. Rediyo na jone a gefe guda, yana ta zuba labarai.

"To, gwada mini nan."

Ya sauko, ya zura testar a wannan rami, ya zura a wancan. Ƙwan bai kama ba.

"Ikon Allah," ta ce. "Ashe rediyon nan da kunun gyaɗa yake aiki."

"Jabu suka sayar mini. Yanzu zan mayar musu."

Keturah ta karɓe testar daga hannunsa. Ta zura a soket, ta ɗora babban yatsanta a kan ɗan ƙarfen da ke gindinta.

"Ke! Mutuwa za ki yi!"

Ƙwan ya kama, ja kamar garwashi. Ta ɗage yatsa, ya mutu. Ta mayar, ya kama. Sau uku ta yi haka, a hankali, tana kallon mijinta.

"Sai an taɓa nan take aiki. Kuma sai an fara gwada ta inda aka san akwai wuta kafin a yarda da ita."

"Wa ya koya miki?"

"Adda Munirat, matar Nuruddeen. Ta mijinta ta ara mini ranar Talata."

"Tun Talata kika sani, kika bar ni na hau benci?"

"Ai ka yi kyau a kansa."

Ta juya, ta taɓa murfin firijin da testar. Ja. Ta taɓa gefe. Ja. Ko'ina ja.

Apollos ya leƙa bayan firijin. Wayar tana nan inda ya haɗa ta, ledar ta narke ta manne da ƙarfe. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya dubi ƙafafun matarsa a kan jiƙaƙƙen daɓe.

"Sa takalmi," ya ce.

Ya je ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, ya dawo ya zare filogin. Ya saka rigarsa, ya soka testar a aljihun gaba yadda kowa zai gani.

"Ba za ki kira shi ba. Ni zan je."

Ya tarar da Nuruddeen a ƙofar gida yana goge babur. Nuruddeen ya miƙe da sauri.

"Hamma Apollos! Yau kai ne? Lafiya dai?"

"Firijina ne. Na bincika da kaina, na gano wuta na bin jikinsa. Ka zo ka ƙarasa."

"To, bari in ɗauko jaka."

Suka kama hanya. Da suka kusa ƙofa, Apollos ya tsaya, ya zaro testar, ya rage murya.

"In za ka gwada, sai ka ɗora yatsa a nan. Mutane da yawa ba su san wannan ba."

Nuruddeen ya dubi testar, ya dubi Keturah da ke leƙowa ta taga, ta toshe baki da gefen zani.

"Na gode, Hamma," ya ce. "Zan kiyaye."