Jan Kogin Shagon Labaran

"Ba shi ba ne," in ji Maikano, ya ture kwamfutar da bayan hannu. "Wannan ruwansa shuɗi ne. Na ce maka ja, Zakka, ja kamar manja."

Zakka ya cafe kwamfutar kafin ta zame daga kan matashi. Ya san halin maƙwabcin nasa. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Sabon Garin Wudil tun da Zakka ya zo daga kudancin Kaduna ya kama aiki a sashen kwamfuta na jami'a. Shi kuwa Maikano dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar shanu, kuma kowa ya shaida ba a kayar da shi a ciniki, ba a kayar da shi a musu. Yanzu ciwon hanta ya kwantar da shi. Asibiti a Kano sun sallamo shi, sun ce a koma gida a ci gaba da addu'a, kowa kuma ya san ma'anar wannan.

Maikano ma ya sani, yarda ce kawai bai yi ba. In masu dubiya suka shigo suna sunkuyar da kai, sai ya ce, "Ku adana fuskar nan, ba a zo wurin ba tukuna." Abu ɗaya ya roƙi Zakka: ya nemo masa wani gem, irin wasan da ake jonawa a talabijin, da ya buga yana yaro a shagon marigayi Labaran. Sunansa bai sani ba, don kaset ɗin ko takarda babu a jikinsa. Abin da ya riƙe shi ne wani ɗan mutum da sanda yana tsalle a bayan kadoji zai haye kogi, sama shuɗiya, ruwa ja, gaɓa koriya. Kullum in ya kai kada na ƙarshe sai ya nutse da shi. Kafin ya gano dabarar, Labaran ya rufe shago.

"Ban taɓa barin ciniki a tsakiya ba," ya ce. "Sai na haye kogin nan, sannan a yi maganar tafiya."

Zakka ya shiga intanet ya tambayi mutanen da bai taɓa gani ba, masu sha'awar tsofaffin gem. Suka yi ta turo masa masu kogin wuta da masu tafkin jini. Kowanne Maikano ya kalla sai ya yi tsaki. Na yau har kadojin da sandar duk akwai, amma ruwan ya ɓata komai. Abin ya fara damun Zakka ƙwarai, don yana gani da idonsa hannun Maikano na ƙara ramewa, idanun na ƙara yin ɗorawa. Tsoro yake ji kada lokaci ya riga shi.

Suna cikin haka Rabi, matar Maikano, ta ɗaga labule ta ce ga Yaya Ikilima daga Darki. Babbar yayar Maikano ce, ita ta goya shi. Zakka ya miƙe ya gaishe ta, ya tambayi hanya, ya tambayi gida da gona da mutanen Darki. Ta amsa duka, amma idonta na kan kwamfutar.

"Ashe gaskiya aka faɗa mini," ta ce. "Maikano, kai ko kunya? Mutum yana wannan hali, maimakon carbi sai wasan yara?"

"Yaya, ga carbina nan ƙarƙashin matashi, kin gan shi har ya koɗe. Na yi sallata, na yi istigfarina. Allah bai hana ni tuna yarintata ba."

"Yarinta? Ni za ka gaya wa? Wa yake zuwa ya jawo ka da kunne daga shagon nan in magariba ta yi? Ku cika ɗaki kuna wari, kun zuba ido a wata akwalar talabijin da ko kala ba ta da ita."

"Tana da kala mana."

"Kalar uwar wa? Leda ce Labaran ya saya ya manna a fuskarta, irin wadda ake yi a lokacin. Sama shuɗi, tsakiya ja, ƙasa kore. Mai karanta labarai ma in ya fito, hularsa shuɗiya ce, hancinsa ja."

Zakka ya dubi Maikano, Maikano ya dubi kwamfutar, inda kogin ya ratsa daidai tsakiyar fuskarta.

"Ina zuwa," in ji Zakka.

Ya hau babur ɗinsa sai bakin jami'a, wurin masu ɗaure wa ɗalibai takardun kammala karatu. Ya karɓo marfin roba mai garai-garai da suke sawa a gaba, shuɗi da ja da kore. Ya dawo ya zauna a tsakar gida da almakashin Rabi, ya yanka, ya jera, ya manna a fuskar kwamfutar da salatif. Sannan ya cire wa hoton kala gaba ɗaya, ya ɗora kwamfutar a cinyar maƙwabcinsa.

Maikano ya daɗe yana kallo. Da ɗan kiɗan gem ɗin ya tashi sai ya bi shi da hanci, bai kuskure ko gaɓa ɗaya ba.

"Shegen kaya," ya ce a hankali. "Ga ka nan. Miƙo mini hannun."

Zakka ya sa masa hannun gem ɗin a tafi. Yatsun sun kumbura, ba sa jin magana. Ɗan mutumin ya faɗa ruwa tun a kada na farko. Ya sake, ya sake, har ya kai na ƙarshe, kadan ya nutse da shi kamar yadda ya saba. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, numfashinsa na fita da ƙyar.

"Kawo in haye maka," Zakka ya ce, don tausayi ya cika shi.

"Kul. Ka taɓa ganin an yi wa mutum tsallensa? Bar mini ita a nan, ka je ka huta."

Yaya Ikilima ta yi ƙwafa, ta ce Allah ya shirya. Amma ita ce ta gyara masa matashi a baya don ya ga hoton sosai.

Ranar Juma'a da hantsi, ana ta shigowa da shanu kara, Zakka ya jiyo salati ta kan katanga. Ya ajiye kofin shayinsa. Bai tambayi kowa ba. Ya bi jama'a har maƙabarta, ya tsaya daga baya hannu a harɗe, ya yi tasa addu'ar a zuci. Abin da ya fi ci masa rai shi ne kogin nan. Da ma ya ƙwace hannun gem ɗin ya haye masa, ko da zagi ne ya sha.

Bayan la'asar aka yi sallama a ƙofarsa. Yaya Ikilima ce, idanunta sun yi ja, ta rungume kwamfutar cikin mayafi.

"Rabi ta ce a kawo maka kayanka, an gode. Bayan ya yi asuba ya ce a miƙo masa. Ni ban san yadda ake kashewa ba, rufewa kawai na yi." Ta juya, sai ta tsaya. "Da na shiga kai masa kunu, dariya na tarar yana yi. Na ce ta mece ce, ya ce ba zan gane ba."

Zakka ya zauna a bakin gado ya buɗe. Salatif ɗin gefe ɗaya ya saki, jar robar ta ɗan karkace. Ya danne ta da babban yatsa. Kogin na nan, kadojin na nan suna nutso suna tasowa. Ɗan mutumin kuwa yana tsaye a ɗaya gaɓar, da sandarsa a hannu.