Kira Huɗu a Allon Mota

Shekara talatin da ɗaya Malam Birki ya yi yana koya wa mutane tuƙi, kuma babu ɗalibin da ya taɓa waya a gabansa mota tana tafiya bai sha faɗa ba. Sunan ma ɗalibai ne suka laƙaba masa, don kafin ka hango rami ya riga ya ce "birki" sau uku. To sai ga shi ranar wata Talata da hantsi, shi da kansa, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana laluben aljihu, mota tana karkata tana neman gefen titi. Wayarsa ce ta yi ƙara, zuciyarsa kuma ta ba shi 'yarsa ce. Da ya kara ta a kunne sai ya ji muryar na'ura tana yi masa talla.

Ɗan sandan da ya tsayar da shi ya leƙo ta taga, ya dube shi, ya sake dubawa, sannan ya sosa ƙeya.

"Malam, ai kai ka koya min tuƙi."

"Na gane ka. Kai ne mai sakin kuloci kamar an biyo ka."

"Ni ne. Don Allah ka je a sa maka irin allon nan da ake haɗawa da waya. In an kira ka sai ka taɓa kawai, ka yi maganarka. Yau dai ban gan ka ba."

Da kama shi ya yi da ya fi masa sauƙi. Har ya isa gida kunya ba ta sake shi ba, ga shi babu kowa a gidan da zai ba labari a yi masa dariya abin ya wuce.

'Ya ɗaya gare shi, tana aure a wani gari mai nisan yini guda a mota. Can da, uwarta ce mai kiran waya, shi sai dai a miƙo masa ya ce yaya yara, ya mayar. Ba ya ɗaukar waya ya kira ta da kansa sai da dalili, kuma dalili na ƙarshe shi ne ranar da ya sanar da ita uwar ta cika. Bayan an share makoki ta ce ya sayar da motar, ya rufe gidan, ya dawo wurinta. Shi kuwa ya ce mata bai kai ga neman mai reno ba, kuma wadda ba ta yi jinya ba ba ita za ta tsara masa zama ba. Tun maganar tana bakinsa ya san zalunci ce, domin a lokacin jinyar yarinyar tana fama da tsohon ciki. Ta ajiye masa sabuwar wayar da ta sayo masa a kan tebur, ta ɗauki jakarta. Wata goma sha huɗu ke nan. Malam yana da doka cewa uba ba ya fara kiran ɗa, ko da yake in ka tsare shi ka tambaye shi inda ya samo dokar, sai dai ya gyara zama.

Washegari ya kai motar wurin mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota. Shago ne ƙarami a layin masu gyara, gabansa cike da matattun batira, ciki kuma wayoyi ja da baƙi da shuɗi sun sauko daga ƙusoshi kamar an shanya su. Mai wayarin magidanci ne mai ƙaton tumbi da ƙananan yatsu, ya zagaya motar yana murmushi. Motar ta girmi auren 'yar Malam nesa ba kusa ba. A ɓangaren fasinja har yanzu akwai birki na biyu, na mai koyarwa, robarsa ta cinye sai ƙarfe.

"Baba, wannan rediyon ai ya kamata a ba shi fansho," in ji shi, yana taɓa wurin da maɓallin murya ya karye aka ɗaure da salatif.

"Ya riga ni karɓa. Ka cire shi kawai, amma kar ka yanke min waya ko ɗaya."

Bai yanke ba. Ya ɓalle murfin gaban motar a hankali, ya zaro rediyon kaset ɗin, ƙura da wani tsohon biro suka biyo shi. Ramin ya yi wa sabon allon kaɗan, sai da ya goga gefe da gefe, ya gwada, ya sake gogawa. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da ɗan fitilar gwaji, yana maƙale da salatif a leɓe. Ya liƙa wani ɗan mitsitsin makirfo kusa da madubi, ya ce nan ne kunnen motar. Da ya zo kan sifikun baya sai ya ɗago kai.

"Waɗannan sun daɗe da mutuwa?"

"Sun fi shekara goma. Ka bar su, babu mai zama a baya."

"Waya ce kawai ta saki. Ba na barin aiki rabi, Baba."

Malam ya juya ya dubi bayan motar. A kujerar bayan nan 'yarsa ta yi rabin aikin gida na makarantar firamare. Yakan ɗauko ta in an tashi, ta zauna da littafi a cinya, ɗalibi yana tuƙi, in uban ya ce "birki" sai ta maimaita daga baya da ƙaramar muryarta, har ɗalibin ya rasa wa zai ji.

Mai wayarin yana da yadda yake aikinsa. Duk allon da ya haɗa, da tasa wayar yake fara gwada shi, don kar ya yi ta latse-latse a wayar mutane. Ya haɗa, allon ya kawo haske, kiɗa ya tashi gaba da baya, ya gyaɗa kai. Yana cikin haɗa ta Malam sai ga wata mota an turo ta, hon ɗinta ya maƙale yana ta ihu, duk layin an toshe kunne. Ya yi sauri ya danna abin da zai danna, ya miƙa wa Malam wayarsa, ya ce in ya ga kore ya taɓa kore, ya ruga da sukudireba a hannu.

Sai da Malam ya shigar da motar gida, ya rufe ƙofa, sannan ya sami sukunin duban abin da kyau. Ya sa tabarau. Ya taɓa alamar kira da ke jikin allon, da ƙarfi, yadda ake danna maɓallin rediyo. Allon ya buɗe jerin kiran da ba a ɗauka ba. A ƙasa akwai Mai Gas, sama da shi Mai Batir. A can sama kuwa, da jan rubutu, an sa 'Yata, da lamba huɗu a gefe.

Haka ya rubuta sunanta a wayarsa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, rubutun yana nan. Ya ciro wayar ya duba, bai ga komai ba, amma wannan bai dame shi ba. Dama bai taɓa yarda da wayar nan ba, rabin abin da take yi a ɓoye take yin sa. Yana da mai gas, yana da mai batir, yana da 'ya. Me kuma ya rage? Bai san ana jan allon da yatsa a ga na ƙasa ba, kuma gaskiyar magana ko ya sani ba lalle ya ja ba, don mutum ba ya tsananta bincike a kan abin da yake so ya zama gaskiya.

Daɗi ya kama shi irin wanda ya manta da shi. A ranar ya share tsakar gida, ya wanke kofunan da suka taru, har ya buɗe tagar ɗakin matarsa iska ta shiga. Amma fa bai kira ba. Wadda ta kira sau huɗu ai za ta kira na biyar, kuma wannan karon motar za ta ji. Sai ya koma zama a cikin mota. Bayan la'asar zai shiga, ya murɗa makulli rabi, allon ya kawo haske, ya jingina yana kallon jan rubutun, yana shirya abin da zai ce. Zai bar ta ta gaishe shi tukuna. Ba zai tayar da tsohuwar magana ba. Zai tambayi sunan jaririyar, wadda yanzu ta isa tafiya.

Kwana uku yana wannan zaman, a rana ta huɗu batir ya mutu. Tsohon mai koyar da tuƙi, sai da maƙwabcinsa tela ya zo da ƙaninsa suka tura shi har bakin titi. Da motar ta tashi ya zagaya unguwa sau biyu don batir ya ɗauki caji, ya tsaya ƙarƙashin wata bishiya kusa da filin da yake koyar da ribas a da. Ya gaji da jira, kuma ya ga cewa mayar da kira ba fara kira ba ne, dokarsa tana nan ba ta karye ba. Ya taɓa sunan.

Ƙarar ta cika motar. Aka ɗauka.

"Salamu alaikum, wa ke magana?" Muryar budurwa ce, ba ta wuce sha shida ba.

"Babanki ne," in ji shi, duk da kunnensa ya riga ya gaya masa.

"Babana kuma? Ga shi nan a gabana yana cin abinci."

Ya ji an karɓi wayar, ya ji ana haɗiye loma, sai ga muryar mai wayarin. Bai ɗauki minti ɗaya ba ya gano abin da ya faru, ya yi ta ba da haƙuri. Sunayen wayarsa ne allon ya kwashe lokacin gwaji, ya manta bai goge ba. Ranar yarinyar ta dame shi da kira ne a kan ya taho mata da littafi.

"Ba komai," in ji Malam. "Ka riƙa ɗauka in ta kira."

Ya daɗe zaune a wurin, injin yana aiki. Ba kunyar ce ta fi ci masa rai ba. Kwana ukun nan ne, da ya yi su yana mutum mai 'ya, ga shi ashe aro ya yi.

Da safe ya koma shagon. Mai wayarin ya shigo ya zauna a kujerar fasinja, ya ja allon da yatsa, sai ga sauran sunayen suna ta fitowa, Uwargida, Yaya Babba, Kawu, Surukina, jeri har ba ya ƙarewa, duk na mako guda. Ya goge su gaba ɗaya. Ya karɓi wayar Malam ya danna inda take neman izinin ba da sunaye, wanda ya tsallake ranar hon. Allon ya yi ɗan tunani ya kawo na Malam. Layi biyar ne, ko cika allon ba su yi ba: mai gas sau biyu, lambar talla, tela, sai can ƙasa 'Yata, da kwanan watan bara, ranar da aka gwada sabuwar wayar. Mai wayarin ya gani. Ya duƙa yana gyara wata waya a ƙarƙashin allon wadda babu abin da ya same ta.

"Baba, yanzu sai an gwada da taka wayar," ya ce kansa a ƙasa. "Ni dai tawa ba za ta ƙara shiga motar nan ba. Ka kira wani mu ji ko sifikun suna yi. Bari in duba wancan mutumin."

Ya fita ya rufe masa ƙofa. Babu wani mutum a shagon.

Malam ya dafa sitiyari da hannu biyu. Wannan karon babu jan rubutu, babu lamba huɗu, babu wata dabarar da zai kare dokarsa da ita. Ya lura ƙafarsa tana kan birki, alhali motar a tsaye take. Ya ɗage ta, ya taɓa sunan.

Sau biyu ta yi ƙara.

"Baba?" Muryar ta fito ne ta baya, daga sifikun da aka gyara, daidai inda take zama da littafinta, har sai da ya kalli madubi. "Baba, lafiya? Wa ya rasu?"

Ya buɗe baki, duk abin da ya shirya a kwana uku ya gudu. Ashe abin da kiransa yake nufi a wurinta ke nan, kuma shi ya koya mata.

"Ba kowa," ya ce. "Babu wanda ya rasu."

"To me ya faru? Ba ka da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau. Allo aka sa min a mota, aka ce in gwada."

Can nesa yana jin wata ƙaramar yarinya tana buga cokali a kan kwano. Ya jira 'yar tasa ta ce to ya yi, ta kashe, don abin da ya cancanta ke nan.

"Har yanzu wannan motar ce?" ta tambaya.

"Ita ce."

"Kana tuƙi ne yanzu?"

"A tsaye nake."

"To kar ka tashe ta tukuna," in ji ta. "Bari in sauke tukunya in zo."

Ya ji ta ajiye wayar, takunta ya yi nisa. Ya kashe injin don ya ji dawowarta sosai, ya zauna yana jira, shi da ƙarar cokalin jikar da bai san sunanta ba.